Awaki Nawa Suka Rage? Tafiyata Zuwa Bama

Mun bar Kano bayan sallar asuba, mu shida a ƙaramar motar haya, hazo ya rufe gadar Wudil har ba a ganin ruwa. Ƙarshen shekarar 2023 ne. Tun daga nan direba yake ɗaga hannu yana duban agogo, kuma babu wanda ya tambaye shi dalili, don duk mai bin hanyar Maiduguri ya san ba a wasa da rana. Muka wuce Azare, muka sha shayi a tsaitsaye a Potiskum, muka yi azahar a Damaturu. Daga nan hira ta fara mutuwa. Ngamdu, Benisheikh, Mainok, Jakana, sunayen da na saba ji a rediyo, yau ga su a allon bakin titi, ga shingen sojoji ɗaya bayan ɗaya. Da muka iso Auno wata dattijuwa da ke kusa da ni ta kama salati a hankali. A nan ne a watan Fabrairun 2020 matafiya suka tarar an rufe ƙofar shiga gari, suka kwana a motocinsu, mahara suka faɗo musu cikin dare suka kashe kimanin mutum 30. Mun shiga Maiduguri da sauran rana, direba ya sauke ajiyar zuciya ya kunna rediyo.

Aiki ne ya kai ni. Wata ƙungiya mai zaman kanta ta yi shekara biyu tana tallafa wa sana'a a ƙananan hukumomin Konduga da Bama. Ta raba wa mata awaki, uku mata da bunsuru ɗaya ga kowacce, ta ba wasu injin markaɗe, wasu keken ɗinki, ta raba irin wake da kuɓewa da yakuwa, ta kuma kafa ƙungiyoyin adashe. Aiki ya ƙare, masu ba da kuɗin kuwa ƙa'idarsu ce a ɗauko wani daga waje, wanda bai ci ba bai sha ba a ciki, ya je ya duba ko abin ya amfani mutane. Ni malamin gona ne tun asali, amma shekarun nan irin wannan aikin na kimantawa nake yi. An haɗa ni da matasa takwas 'yan Borno, maza huɗu mata huɗu, duk suna jin Kanuri, biyu suna jin Larabcin Shuwa, kowa da kwamfutar hannu cike da tambayoyi.

Kwana biyu muka yi a ɗaki muna juya tambayoyin zuwa Hausa da Kanuri. Kalmar da ta fi cin mana lokaci ita ce "gida". A ƙa'idar aikin, gida shi ne mutanen da ke ci daga tukunya ɗaya. Sai ɗaya daga cikin 'yan matan, wadda ita ma daga Bama aka gudo da ita tana yarinya, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to tantin da mata uku ke ciki, kowacce ba ta san inda mijinta yake ba, yau su dafa tare, gobe kowa ta nemi nata, gida nawa za mu rubuta?" Ban sami amsa a take ba. Muka tsaya a kan a bar matan su faɗa da bakinsu. Tun daga ranar na ɗauke ta ta zama tafintata.

Akwai jerin sunayen duk waɗanda suka amfana, kwamfuta kuma ta zaɓo mana wasu daga ciki kamar yadda ake jefa ƙuri'a, don kada a ce mun je wurin waɗanda aka shirya mana. Da yammacin rana ta biyu jami'in tsaron ƙungiyar ya shigo da taswira da jan biro. Ya bi ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya: nan ba a zuwa, nan ma makon jiya an ɗauke masu itace, nan hanya ba ta da tabbas. Aka maye gurbinsu da sunayen mutanen cikin gari. Ban yi masa gardama ba, don amanar 'ya'yan mutane takwas tana wuyana. Amma na rubuta a littafina cewa lallai wannan ya fito a shafin farko na rahoto: duk abin da za mu faɗa, labarin waɗanda muka iya kaiwa gare su ne, waɗanda suka fi shan wuya kuwa jan biro ya riga ya cire su.

Manyan ma'aikatan agaji jirgi mai saukar ungulu na Majalisar Ɗinkin Duniya suke bi zuwa Bama. Mu mota muka bi, don muna da aikin kwana biyu a Konduga. Hanyar ta bi ta gaban Jami'ar Maiduguri, ta wuce Dalori, sai daji. Da safe motoci kan yi jerin gwano suna jiran a duba hanya kafin a sake su: tirela da kayan abinci, ƙananan motoci shaƙe da fasinja, akori-kura ɗauke da langa-langa da katako. An share bishiyoyin bakin titi nesa, don kada wani ya sami maɓoya. Bayan Konduga sai Kawuri, sannan Bama. Tsakanin Maiduguri da Bama kilomita 70 ne ko kusa da haka, amma da tsaye-tsaye da sauka a taka da ƙafa a wasu shingayen, sai da muka ci rabin yini. Ta hannun dama, can inda ido ke ƙarewa, dajin Sambisa ne. Babu wanda ya nuna da yatsa.

Bama ita ce gari na biyu a girma a Borno kafin rikicin nan. Boko Haram ta kama ta a Satumban 2014, sojoji suka ƙwato ta a Maris na 2015, an bar ta kufai. A watan Yunin 2016, lokacin da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka isa sansanin da ke harabar asibitin garin, sun ƙirga kaburbura 1,233, guda 480 na yara ne. Sai a 2018 aka buɗe hanya mutane suka fara komawa. Yau za ka ga sabon fenti a jikin makarantu da jerin sababbin gidaje, a bayansu kuma bangon da wuta ta ci har yanzu yana tsaye da baƙinsa. Kasuwa tana ci, ƙamshin turaren wuta yana fitowa daga zaurukan gidaje, mata suna wucewa cikin laffaya. Abin da baƙo ba ya lura da shi da wuri shi ne ramin da aka haƙa ya zagaye gari, da ƙofofinsa da sojoji ke tsaro. Kafin in bar garin na gane cewa duk tambayar da ke cikin kwamfutarmu, amsarta tana da alaƙa da wannan ramin.

Mun fara da gaida bulama, wato mai unguwa, kamar yadda ya kamata. Dattijo ne dogo, yana jin Hausa sarai. Bayan "wushe, wushe" da tambayar hanya da iyali, sai ya dubi kwamfutocin da ke hannun yarana ya ce, "Malam, rubuta suna kuka zo yi?" Na ce a'a Baba, mun zo jin yadda wancan tallafin ya kasance ne, ba mu zo da komai ba, ba kuma za mu cire sunan kowa ba. Ya gyaɗa kai ya ce shi ya ji, amma mutanensa shekara da shekaru duk wanda ya shigo da irin wannan na'urar, ko dai kati ya biyo bayansa ko a yanke wa wani abinci. Haka kuwa aka yi. Kafin mu fito daga zaurensa layi ya kafu a ƙofa. Kowace hira muna farawa da karanta wa mutum cewa amsarsa ba za ta ƙara masa ba, ba za ta rage masa ba, kuma yana da damar ya ƙi. Sukan saurara cikin ladabi su ce to. Ban ga laifinsu ba da ba su gaskata mu ba. Wanda abincin 'ya'yansa ya rataya a kan jerin suna, dole ya auna kowace kalma kafin ta fita.

Tambaya ta 14 ita ce, "Cikin awakin da aka ba ki, nawa suka rage?" Sai a ɗauki hotonsu. A dare na uku ina duba aikin yini a masauki, sai na ga akuya ɗaya ta fito a gida uku: ja ce, kunnenta na hagu a tsage, da farin tabo a goshi. Ma'aikata biyu daban ne suka ɗauki hotunan. Na san ana aron dabba idan an ji masu dubawa suna tafe, na taɓa gani a wani wuri, don haka na kwana da zaton abin da ya faru ke nan.

Da safe muka koma gida na ukun ni da tafintata. Tsohuwa ce, ɗakinta na langa-langa da zana, tsakar gida a share tas. Ga turaku huɗu a kafe a gefen katanga, uku babu komai sai igiya a naɗe a jikin ɗaya, na huɗun ga jar akuyar tana tuƙa. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa a kofin silba. Ban ambaci hoto ba. Na ce, "Iya, labarin awakin nan nake so ki ba ni tun daga ranar da aka kawo su." Ta daɗe tana gyara bakin mayafinta, sannan ta fara, tafinta tana juya mini.

Ta farko ko sati biyu ba ta yi ba ciwo ya kama ta, majina da zawo, kuma ba ita kaɗai ba, unguwar duka an yi asara a lokacin. Bunsurun ta sayar a farkon shekara, lokacin da aka canja takardun naira kuɗi ya ɓace daga hannun mutane, mai tsabar kuɗi shi ke yanka farashi yadda ya ga dama. Ta biyu ta tafi ne da jikarta ta kwanta, aka ce sai an kai ta Maiduguri an ƙara mata jini. Ta nuna mana yarinyar, tana bakin ƙofa tana leƙenmu, goye da ƙaninta. Ta ukun kuwa ciyarwa ce ta gagara. "Ɗana," in ji ta, "a ƙauyenmu akuya ita ke ciyar da kanta, da safe ka kwance ta, da yamma ta dawo da cikinta. A nan sai ka saya mata kamar baƙo." Harawa da dusa sun yi tsada, ciyawa kuma tana bayan rami, ƙafafunta ba sa kai ta, jikokin kuwa ba za ta tura su ba.

Maƙwabtanta biyu su ma haka ta same su. Sai suka zauna su uku suka yi shawara: kowacce ta sayar da abin da ya rage mata, suka bar wannan ja ɗin ita kaɗai saboda ta fi lafiya, suna ciyar da ita karo-karo, kwana biyu a nan, kwana biyu a can. Sun yi alkawari haihuwar farko ta wance ce, ta biyu ta wance. Ashe babu wadda ta yi mana ƙarya a cikinsu. Kowacce da aka tambaye ta ta ce saura ɗaya, kuma gaskiya ta faɗa. Takardarmu ce ba ta da gurbin akuyar da mutum uku suka mallaka, ba ta kuma da gurbin da zai bambanta akuyar da ta mutu da wadda ta zama jini a jikin yarinya. A lissafin masu kuɗi, gidan nan huɗu ne suka koma ɗaya, wato aiki bai yi nasara ba. Na fito daga gidan ina jin nauyin zaton da na kwana da shi.

Washegari na nemi izini na je bakin ƙofar gari da sassafe. Mutane sun yi layi tun kafin rana ta fito, da fartanya da lauje da gatari, wasu da amalanke, mata da igiyar ɗaurin itace a kafaɗa. Ana duba kowa kafin ya fita, akwai iyakar da ba a wucewa, akwai kuma lokacin dawowa. 'Yan gora, matasan sa-kai da suka tashi tun 2013, suna tsaye tare da sojoji. Wani manomi da muka yi hira da shi a layin ya ce a kusa da gari ba a son shuka mai tsayi irin dawa da masara, don kada ta zama maɓoya, sai wake da gyaɗa da kuɓewa. Takin yuriya ma an taƙaita shigo da shi yankin saboda ana haɗa abin fashewa da shi. Ya nuna gabas da haɓarsa ya ce can ne firginsu, baƙar ƙasar da ke riƙe ruwa, inda suke dasa masakwa idan damina ta ɗauke su girbe cikin sanyi, dawar da ke kai su har wata shekara. Rabonsa da ita tun kafin a kama garin. Yanzu ɗan fili yake haya kusa da rami, shi da ɗaruruwan irinsa, kowa da tafin hannu. Irin da aka raba masa mai kyau ne, ya yaba, amma ya ce, "Iri ba ya tsiro a aljihu, Malam."

Na tambaye shi masu wuce iyaka fa? Ya yi shiru, sannan ya ce yunwa takan tura mutum. Kowa a nan yana tuna manoman shinkafar Zabarmari da aka yanka a gonakin Koshebe a watan Nuwamban 2020, aka yi jana'izar 43 a rana ɗaya. Akwai kuma maganar da ba a yin ta da ƙarfi, cewa a wasu wuraren sai manomi ya biya mutanen daji kafin ya girbe abin da ya shuka. Babu wannan a takardarmu, kuma da yana ciki ma ba zan bari yarana su tambaya ba, don amsar tana iya jawo wa mai ita bala'i ta kowane ɓangare.

Akwai wani ma'auni da Hukumar Abinci ta Duniya ta fito da shi, kusan duk masu irin aikinmu da shi suke amfani. Ana tambayar uwar gida, cikin kwana bakwai da suka wuce, kwana nawa aka ci hatsi, kwana nawa wake, nama ko kifi, madara, ganye, mai, sukari. Kowane rukuni da nauyinsa: hatsi 2, wake 3, nama da madara 4 kowanne, ganye 1, mai da sukari rabi-rabi. A ninka a tara, sai maki ya nuna ko cimar gidan ta yi ƙasa ko ta isa. Ma'auni ne mai amfani, ina kuma girmama shi, amma yana buƙatar mai tambaya mai haƙuri. Mace za ta ce sun ci kifi kullum, sai ka bi a hankali ka tarar ɗan garin busasshen kifi ne da ake barbaɗawa a miyar kuka don ƙamshi, wanda a ƙa'ida ba a lissafa shi a matsayin nama. Wata kuma kunya ba za ta bar ta ta faɗa a gaban baƙo cewa kwana biyu kunu kawai aka sha ba. Shi ya sa na hana maza shiga hira da mata, na kuma roƙi mazan gida su ba mu wuri. Sannan mun zo ne bayan kaka, lokacin da ɗan waken da aka samu bai ƙare ba. Da a watan Yuli ko Agusta muka zo, da wani makin za mu samu a gidajen nan.

Injinan markaɗe ba su ɗauke mu lokaci ba. Yawancin waɗanda na gani an lulluɓe su da buhu. Lokacin da aka raba su litar fetur ba ta kai naira 200 ba. Bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 ta haura 600. Mai injin ta ƙara kuɗin niƙa, masu kawowa suka koma turmi. Ga shi an ba mata da yawa a layi ɗaya, kowacce tana jiran ɗan kwanon maƙwabciyarta.

Inda zuciyata ta yi sanyi shi ne wurin 'yan adashe. Na halarci zamansu ranar Laraba a ƙarƙashin wata bishiyar dogonyaro, mata wajen ashirin a zagaye, akwatin ƙarfe a tsakiya da kwaɗo uku. Makullan suna hannun mata uku, akwatin kuma yana kwana a ɗakin ta huɗu, ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Wannan tsari ba daga Turai ya zo ba. A yankin Maraɗi aka fara shi a 1991, ƙungiyar CARE da matan karkara, da sunan Mata Masu Dubara, daga nan ya bazu ƙasashe. Kowacce ta miƙa zubinta, mai ƙirga ta ɗaga kuɗin sama ta faɗa da ƙarfi, sauran su maimaita, don yawancinsu ba sa karatun boko. Akwai ɗan kwano daban na taimakon gaggawa, na haihuwa da rashin lafiya da rasuwa, wanda ba a biya. Maganar ruwa a kan bashi sun kai ta gaban malami tun farko, suka ajiye ta. Mai ci bashi takan mayar da abin da ta ɗauka daidai.

Na tambayi shugabarsu me ake yi da bashin. Ta yi dariya ta ce in duba hannuwansu. Sai a lokacin na lura kusan rabinsu suna ɗinki muna magana, allura tana shiga tana fita a jikin farin ƙyalle. Hula ce, irin wadda ake kira hular Bama, wadda manyan mutane ke sawa a Abuja da Kano ba tare da sanin hannun da ya yi ta ba. Guda ɗaya mai aiki sosai takan ci makonni. Da can dillali ne ke ba su zare da ƙyalle ya biya su ladan hannu kawai. Yanzu da bashin akwati suke sayen nasu, su sayar da kansu. Sana'a ce da ba ta buƙatar fetur, ba ta buƙatar ciyawa, ba ta kuma fitar da mace bayan rami. A jerin sana'o'in da ke takardarmu babu ita. Yarana a ƙarƙashin "sauransu" suke ta zuba ta. Aikin ya ƙare wata da watanni, babu ma'aikacin da ke zuwa duba su, amma ba su fasa zama ko Laraba ɗaya ba, har wasu matan da ba sa cikin tallafin sun sa maƙeri ya ƙera musu nasu akwatin.

Zaman maza ya fi zafi. Da farko kowa godiya yake yi, Allah ya saka, Allah ya ƙara. Sai da shayi ya zaga sau biyu wani matashi ya ce shi yana da magana. Tun bayan mutuwar Shekau, shugaban Boko Haram, a watan Mayun 2021 dubban mutane suka fito daga daji suka miƙa wuya, mayaƙa da iyalansu da manoman da aka tsare a can. Ya ce yana ganin wanda ya san da hannunsa a ƙona unguwarsu, an koya masa sana'a an ba shi kayan aiki, shi da ya tsaya ya kare gari ba ya cikin jerin kowa. Wani dattijo ya ce masa ya yi haƙuri, in ba a ba su abin yi ba komawa za su yi. Wani kuma ya ce shi daga Maiduguri aka dawo da shi lokacin da gwamnatin jiha ta rufe sansanoni a ƙarshen 2021, ya tarar an riga an rufe rubuta suna. Ba ƙungiyar da nake dubawa ce ta raba wa tubabbun kaya ba, amma a idon mutanen gari duk tallafi ɗaya ne. Takardarmu tana da tambaya guda a kan ko aikin ya jawo saɓani, a amsa da e ko a'a. Kusan kowa a'a ya ce. Abin da na ji a ƙarƙashin rumfar nan cikin awa biyu ya fi abin da wannan tambayar ta tara mana a mako guda.

An kuma so mu kwatanta waɗanda suka samu da waɗanda ba su samu ba, don a ga bambancin da aikin ya kawo. A takarda abin yana da ma'ana. A Bama kuwa wadda ta sayar da bunsuru ta auna wa ƙanwarta mudu biyu, wanda aka ba iri ya raba da surukinsa. Tallafin ya bi dangi ya watsu, bambancin ya ragu, mai karanta alƙaluma daga nesa sai ya ce aikin bai taɓuka komai ba.

Ranar da za mu tafi na koma sallama da bulama. Ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, kun tambaye mu mun faɗa. Waɗanda suka zo kafin ku ma sun tambaya mun faɗa. Abin da kuke rubutawa, wa yake karanta mana?" Na ce masa in sha Allahu zai ji daga gare ni.

A Maiduguri na yi kwana huɗu ina rubutu. Shugaban aikin ya so in sa adadin awakin da aka raba a gaba, in tura maganar waɗanda suka rage can ciki. Ba mugun mutum ba ne. Ma'aikatansa da yawa albashinsu ya dogara ga ko za a sabunta aikin, kuma ya san masu kuɗi alƙaluma suke fara dubawa. Mun daɗe muna magana. Na sa duka biyun a shafi ɗaya, na kuma raba awakin da suka tafi gida-gida: waɗanda ciwo ya kashe, waɗanda aka sayar don abinci ko asibiti, waɗanda ciyarwa ta gagara. Na rubuta cewa idan za a sake raba dabba a garin da rami ya zagaye, a yi mata rigakafi a killace ta kafin rabo, a haɗa da abincinta na watannin farko, ko kuma a tambayi mace ko akuyar take so ko jarin zare. Na rubuta labarin akwati mai kwaɗo uku da tsawo. Na sa sunayen ƙauyukan da jan biro ya cire a shafin farko. Ya karanta, ya yi shiru, ya ce a bar shi haka.

Bayan na dawo Kano na zauna na faɗi abin da muka samu da Hausa a saƙon murya, minti goma sha ɗaya, tafintata ta maimaita shi da Kanuri, muka tura ta WhatsApp zuwa wayar ɗan bulama. Sai bayan kwana shida amsa ta zo, don sabis a can sai an nema. Muryar dattijon ce, ana jin hayaniyar yara a bayansa. Ya ce an kunna wa mutane a zaure bayan la'asar, mata ma sun ji nasu a wurin adashe. Ya ce maganar ciyawa daidai ne, maganar hula daidai ne, amma akwai abin da na rage: ban faɗi cewa rijiyar burtsatsen unguwarsu ta lalace tun bara ba, kuma akuya ma tana shan ruwa. Rahoton bai riga ya tafi ba, sai na buɗe shi na ƙara.